Bariki a Tsakiyar Hamada: Tarihin Cibiyar Horon Sojan Amurka, 1942 zuwa 1944

Gabatarwa



Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Labarin da zan kawo muku yau na wata babbar ƙasa ne wadda tafiya ta riske ta ba ta fafe gorarta ba, ta zauna ta fafe ta cikin gaggawa, kana da ta gama sai ta tarar hanyar da ta yi wa shiri ba ita za ta bi ba. Ƙasar ita ce Amurka. Gorar kuwa ita ce wani katafaren filin horon soja da ta kafa a hamadar jihohin Kalifoniya da Arizona da Nebada a shekarar 1942, wanda ta sa wa suna Desert Training Center, watau Cibiyar Horon Hamada. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mil 18,000, ya ɗan fi jihohin Kano da Jigawa idan aka haɗe su wuri ɗaya. Shekara biyu kacal ya yi yana aiki, amma a cikin wannan ɗan lokaci wajen soja miliyan ɗaya suka ratsa ta cikinsa.

Tambayoyi uku nake so mu riƙe a zuci har zuwa ƙarshen wannan lacca. Ta farko, me ya sa aka iya gina irin wannan wuri cikin 'yan makonni a inda ba ruwa ba inuwa? Ta biyu, me aka koya wa mayaƙan daidai, me kuma aka koya musu bisa kuskure? Ta uku, da yake yaƙin hamada ya ƙare tun kafin yawancinsu su gama horo, shin hasara aka yi ko riba?

Yadda Yaƙi Ya Isa Hamada

A watan Satumba 1940 sojan Italiya suka taso daga Libiya suka shiga Masar, wadda ke ƙarƙashin tsaron Ingila. Nufinsu su kai ga mashigin Suwes, hanyar jiragen ruwan Ingila zuwa Indiya da rijiyoyin man fetur na Gabas ta Tsakiya. Cikin Disamba Ingilishi suka juya musu, suka fatattake su har cikin Libiya, suka kama fursunoni kimanin 130,000. Ganin abokin ƙawancensa zai kife, sai Hitila ya aika da Janar Erwin Rommel, wanda ya sauka Tarabulus a watan Fabrairu 1941 da tankokin yaƙi na Jamus. Daga nan yaƙin ya koma kai-komo, yau a kora gabas gobe a kora yamma, bisa ɗaruruwan mil na rairayi da tsakuwa.

Wannan yaƙi bai yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba. Jiragen saman yaƙi da Ingila ke aikawa Masar, a cikin akwatuna ake sauke su a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, sa'an nan su taso su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Alƙahira. Filin jirgin saman Kano zango ne a kan wannan hanya, kuma dubban jirage sun bi ta tsakanin 1940 da 1943.

Amurka kuwa tana gefe har ranar 7 ga Disamba 1941, sa'ad da Japan ta kai wa jiragen ruwanta hari a Pearl Harbor. Bayan kwana huɗu Jamus ma ta ƙaddamar da yaƙi a kanta. A 1939 duk sojan ƙasa na Amurka ba su kai 200,000 ba, kuma ko da aka shiga ɗibar sababbi ana yi musu rawar daji, a dazuzzuka da fadamun jihar Luwiziyana da makamantanta aka yi. Babu wata rundunarsu da ta san yadda ake tafiyar da tanka a inda yashi ke shiga inji, ko yadda ake ɓoye dubban motoci a filin da babu ko itace guda. Shugabannin soja suka ga alamar inda za su fara gamuwa da Jamus shi ne Afirka ta Arewa. Saboda haka a watan Fabrairu 1942 Janar Lesley McNair, wanda horon sojan ƙasa ke hannunsa, ya amince a nemi wuri a cikin Amurka mai kama da Libiya.

Zaɓen Wuri

Wanda aka ɗora wa wannan aiki shi ne Manjo Janar George Patton. An haife shi a 1885 a kudancin Kalifoniya, ya bi Janar Pershing cikin busasshiyar ƙasar arewacin Meziko a 1916, ya kuma jagoranci tankoki a Faransa a Yaƙin Duniya na Farko. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, wanda ya yi imani cewa wahalar horo ita ke rage zubar jini ranar yaƙi. A farkon watan Maris 1942 ya kwana uku ko huɗu yana zagaya hamadar Mojave, wadda ake furtawa Mohabi, da ta Kolorado, a jirgin sama da mota, ya dawo ya ce wurin ya yi.

Mai kallon taswira zai ce abin da ya ja hankalinsa zafi ne da faɗin fili. Lalle akwai waɗannan. Da rani zafi yakan kai digiri 49 a ma'aunin santigireti, ruwan sama a wurare da yawa ba ya kai inci 5 a shekara, akwai tuddan rairayi da duwatsu da busassun tafkuna masu gishiri. Daɗin daɗawa, mafi yawan ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, ba sai an yi ta shari'a da masu gonaki ba. Amma akwai wasu abubuwa guda biyu da ba sa jan ido, waɗanda in ba don su ba da aikin bai yiwu ba.

Na farko shi ne ruwa. Tun 1933 hukumar ruwa ta biranen kudancin Kalifoniya ta fara haƙa wata babbar hanyar ruwa daga kogin Kolorado zuwa yankin Los Angeles. Tsawonta mil 242, wani wuri buɗaɗɗen magudani, wani wuri rami ta cikin dutse, da tashoshin famfo guda biyar masu ɗaga ruwan sama da ƙafa 1,600. An gama ginin a 1939, ruwa ya fara isa birane a 1941. Wannan hanya ta ratsa tsakiyar filin da Patton ya zaɓa. Na biyu shi ne reluwe. Kamfanonin jirgin ƙasa uku, Southern Pacific da Santa Fe da Union Pacific, sun riga sun shimfiɗa dogo a kudanci da tsakiya da arewacin yankin tun shekaru da dama.

Watau soja sun isa hamada ne suka tarar da aikin farar hula na shekara da shekaru yana jiransu. Injiniyoyin da suka auna hanyar ruwan nan ba su yi ta don tankoki ba, don famfon gidaje da lambuna suka yi ta. Wannan ita ce amsar tambayarmu ta farko: saurin da aka yi a 1942, da guzurin 1933 aka yi shi.

Ginin Sansanoni

A watan Afrilu 1942 rukunin farko na soja suka sauka. Aka kafa hedkwata a wani wuri da ake kira Shaver's Summit a lokacin, kimanin mil 30 gabas da garin Indio, aka sa mata suna Sansanin Young don tunawa da Janar Samuel Young, babban hafsan hafsoshin sojan Amurka na farko. Sannu a hankali aka yi ta ƙara fili har ya kai wajen mil 350 daga yamma zuwa gabas, da mil 250 daga kudu zuwa arewa. A ɓangaren Kalifoniya aka gina sansanonin Coxcomb da Iron Mountain da Granite da Rice da Ibis da Clipper da Pilot Knob. A ɓangaren Arizona kuwa akwai Laguna da Horn da Hyder da Bouse. Aka kuma shirya filayen jirgin sama a Blythe da Rice da Thermal da Desert Center, domin matuƙa jirgi su koyi aiki tare da sojan ƙasa.

Idan na ce bariki, kada ku kawo barikin siminti da kwano a ranku. Da gangan Patton ya hana gina irin wannan. Kowane babban sansani an tsara shi ne don runduna guda, watau mutum wajen 15,000. Katafila ta share hanyoyi a miƙe, wata ta gitta wata, a kafa tantuna layi layi. Abin da aka gina da katako kaɗan ne: wuraren wanka, da makewayi, da ƙafafun tankunan ruwa. Babu fanka, babu firji a tantin kurtu, shi kansa Janar ɗin bai ware wa kansa wani jin daɗi ba. Sansanonin da ke kusa da hanyar ruwa aka ja musu bututu daga cikinta, na nesa kuwa aka haƙa musu rijiyoyi ko a kai musu ruwa a tankunan mota da na jirgin ƙasa.

Sojan da aka jibge a nan, da yawansu 'yan birni ne ko 'yan ƙauyukan gabas masu dausayi. Don kashe lokaci da kuma bin umurnin hafsoshi, suka riƙa tsintar duwatsu suna jerawa a bakin hanyoyi da kewayen tantuna, suna zana tambarin rukuninsu a ƙasa da tsakuwa. A Iron Mountain sun gina wuraren ibada biyu da dutse, suka kuma yi wata ƙatuwar taswira a ƙasa, mai tuddai da kwaruruka, wadda ke nuna dukan filin horon, domin hafsoshi su tsaya a kanta su tsara rawar daji.

Ya kamata in faɗi cewa hamadar ba kango ba ce, ko da yake rahotannin soja haka suka ɗauke ta. Ƙasar kakannin ƙabilun Mohabi da Chemehuevi da Cahuilla da Quechan ce, kuma hanyoyinsu da wurarensu masu tsarki suna warwatse a cikinta. A bakin kogin Kolorado, a wani wuri mai suna Poston, cikin filin da aka keɓe wa waɗannan 'yan asalin ƙasa, gwamnati ta buɗe wani sansani na daban a watan Mayu 1942, ba da yardar majalisar ƙabilun ba. A can ta tsare mutum fiye da 17,000 'yan asalin Japan, akasarinsu haifaffun Amurka, ba tare da an tuhume su da wani laifi ba. Hamada ɗaya ce, shekara ɗaya, wasu ana koya musu yaƙi don 'yanci, wasu suna bayan waya.

Horo da Sha'anin Ruwa

Tsarin Patton ba shi da sassauci. Kowane soja, har da hafsoshi, tilas ya iya gudun mil ɗaya cikin minti goma da bindiga da kaya a baya. Ana tafiyar dare ba fitila, ana bin taurari da kamfas. Ana koyon warwatsa motoci don kada jirgin sama ya same su a dunƙule, da binne nakiya da tone ta, da gyaran inji a fili. Shi kuwa Janar yakan hau kan wani tudu ko ya shiga ƙaramin jirginsa yana kallo, yana ba da umurni ta rediyo, wanda ya yi kuskure ya ji sunansa a kunnen kowa. An gwada kayan aiki da yawa a nan aka gano aibinsu: matatar iska da ƙura ke toshewa, da tayoyi, da injin da ke tafasa, da abincin gwangwani.

Amma a sha'anin ruwa an tafka babban kuskure. Manyan hafsoshi na wancan zamani, a Amurka da wasu ƙasashe, sun yi imani cewa ana iya saba wa jikin mutum da ƙarancin ruwa kamar yadda ake saba masa da gudu ko ɗaukar kaya. A ganinsu, in ka rage wa soja ruwa yau, ka ƙara ragewa gobe, bayan 'yan makonni zai zama kamar raƙumi. Saboda haka aka ƙayyade ruwan sha ƙwarai a lokacin atisaye, aka ɗauki yawan kai gora baki a matsayin ragwanci. Sakamakon haka soja suka riƙa faɗuwa saboda zafi, wasu har suka rasa rayukansu.

Wanda ya warware wannan magana ba soja ba ne. Wani masanin aikin jikin ɗan Adam ne daga Jami'ar Rochester, mai suna Edward Adolph, wanda ya zo hamadar da abokan aikinsa a 1942 da 1943. Aikinsu mai sauƙin faɗi ne: su auna nauyin soja kafin tafiya, su auna bayan tafiya, su auna ruwan da ya sha, da bugun zuciyarsa, da zafin jikinsa. Suka gano cewa mai tafiya a ƙasa cikin tsakar ranar hamada yana zubar da gumi wajen lita ɗaya kowace awa. Suka gano cewa wanda ya saba da zafi gumi yake ƙarawa, domin gumin ne ke sanyaya jiki, don haka bukatarsa ta ruwa ba ta raguwa. Suka kuma gano cewa ko an ajiye wa mutum ruwa a gabansa, ƙishirwa ba ta sa shi ya sha daidai abin da ya zubar sa'ad da yake aiki, sai ya zauna cin abinci yake cike gurbin. Abin da ke rage bukatar ruwa shi ne inuwa, da sutura, da mayar da tafiya dare. An buga sakamakon binciken a littafi a 1947, kuma har yau masu nazarin wannan fanni suna komawa gare shi.

Madugun ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi da rijiya yake ƙidaya zangonsa, kuma sai zafi ya sauka yake tashi. Abin lura ga ɗalibi shi ne yadda ra'ayin da ba a gwada ba ya zama doka don kawai mai faɗinsa yana da tauraro a kafaɗa, har sai da wani ya zo da sikeli.

Bayan Tafiyar Patton

Duk da cewa sunansa ne ya manne wa wurin, Patton bai cika wata huɗu a can ba. A watan Yuni 1942 Rommel ya kama Tobruk, ya doshi Iskandariyya. A ƙarshen Yuli aka kira Patton Washington don ya shirya saukar sojan Amurka a Maroko, wadda aka yi ranar 8 ga Nuwamba 1942. Waɗanda suka gaje shi, irin su Janar Alvan Gillem da Janar Walton Walker, su ne suka ga girman cibiyar.

A farkon 1943 aka sake mata fasali baki ɗaya. Aka mayar da ita kwaikwayon cikakken fagen fama, da bakin daga a gaba da sashen guzuri a baya. Aka kafa babban ma'ajin kaya a San Bernardino, da wurin gyaran makamai da motoci a Pomona, da asibitoci, da tashoshin sauke kaya a bakin dogo. Runduna takan yi wajen wata uku: a fara da horon mutum ɗaya ɗaya, a hau zuwa na bataliya, a ƙare da babbar rawar daji inda runduna ke karawa da runduna. A wata mashiga tsakanin duwatsu mai suna Palen aka haƙa ramuka aka ja waya mai ƙaya, wasu su tsare wasu su kawo hari. Abinci da mai da harsashi kuwa tilas su bi dogon zango daga baya zuwa gaba, kamar yadda za a yi a ainihin yaƙi. A tsakiyar 1943 yawan mutanen da ke wurin a lokaci guda ya kusa 190,000. A Sansanin Bouse, wanda aka killace da tsaro mai tsanani, aka horar da wasu rukunoni a asirce kan tankoki masu ɗauke da fitila mai tsananin haske, wadda aka yi nufin ta makantar da abokan gaba da dare. Bayan duk wannan ɓoyo, amfanin da aka yi da su a yaƙi kaɗan ne.

Inda Mayaƙan Suka Tafi

A watan Fabrairu 1943 Rommel ya yi wa sojan Amurka mummunan duka a mashigar Kasserine ta Tunisiya. Aka ba Patton jagorancin waɗanda aka doka a watan Maris. Zuwa 13 ga Mayu 1943 sojan Jamus da Italiya da suka rage a Afirka, wajen 250,000, suka miƙa wuya. Yaƙin hamada ya ƙare ke nan, a daidai lokacin da Cibiyar Horon Hamada take kan ganiyarta. A watan Oktoba aka cire kalmar hamada daga sunanta, aka koma kiranta Filin Rawar Daji na Kalifoniya da Arizona.

Rundunoni 20 suka yi horo a can, 7 na tankoki, 13 na dakarun ƙafa. Ko da yake wasu ƙananan rukunoni sun isa Afirka ta Arewa, daga cikin manyan rundunonin nan babu ko ɗaya da ta yi yaƙi a can. Runduna ta 7 ta dakarun ƙafa, bayan ta sha zafin Mohabi, sai aka tura ta tsibirin Attu na Alaska a watan Mayu 1943, cikin ƙanƙara da hazo, da takalma da tufafin da ba su dace ba. Soja 549 suka mutu a faɗan, wasu kimanin 1,200 kuwa sanyi ne ya lalata musu ƙafafu da yatsu. Runduna ta 93, ta baƙaƙen fata, waɗanda dokar soja ta lokacin ta ware daga farare, ta yi horo a Sansanin Clipper, aka kai ta dazuzzukan tsibiran tekun Pasifik. Sauran suka watsu tsakanin Pasifik da Italiya da Faransa.

To, hasara ke nan? Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma abin da ya faru a Attu yana gefensu. Amma akwai wata fuska. Abin da hamadar ta ba sojan Amurka wanda ba su samu a wani wuri ba shi ne sarari: inda janar zai motsa motoci dubbai da mutum dubu goma sha biyar tsawon mil ɗari, a harba harsashin gaske, ba gona ba gari a gabansa, ya ga da idonsa yadda mai ke yankewa da yadda umurni ke ɓacewa a hanya. Runduna ta 4 ta tankoki, wadda ta yi horo a nan, ita ce ta keta Faransa a 1944 ƙarƙashin Patton, ta kuma fasa ƙawanyar da Jamus suka yi wa garin Bastogne ranar 26 ga Disamba. Runduna ta 9 ta tankoki ita ta kama gadar Remagen a kan kogin Rhine ranar 7 ga Maris 1945. Ba wanda zai iya auna kason hamada a cikin waɗannan nasarori, amma dabarun tafiyar da babbar runduna da ciyar da ita ba su san yashi ko ƙanƙara ba.

Rufewa da Abin da Ya Saura

Abin da ya kashe cibiyar zai ba ma'aikacin gwamnati sha'awa. Fagen fama na kwaikwayo yana bukatar makanikai da direbobi da masu kula da sito da ma'aikatan waya da na asibiti, daidai da yadda na gaske yake bukata. Da aka shiga shirin mamaye Faransa sai aka yi ta kwashe irin waɗannan rukunoni ana tura su ƙetare. Bugu da ƙari, don a rage wa jiragen ƙasa lodi, sai aka tsara cewa runduna mai tafiya ta bar motocinta da tankokinta ga mai zuwa. Mota ta zama ba ta da mai ita, kowa ya more ta ya bar wa na baya gyara. Kaya suka yi ta lalacewa, ba isassun masu gyara. A ƙarshen Afrilu 1944 aka rufe wurin. Aka kwashe tantuna, aka tattara abin da ya tattaru, aka mayar da mafi yawan filin hannun ma'aikatar harkokin cikin gida.

Soja sun tafi, amma ƙasa ba ta manta ba. A irin wannan hamada, saman ƙasa yana da wani siririn ɓawo na tsakuwa da ƙananan halittu wanda yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya haɗu. Masana da suka auna sawun tankokin bayan shekara 55 sun tarar ƙasar da ke cikin sawun tana nan a danne, ɓawon bai gama komawa yadda yake ba. Har yanzu ana ganin layukan hanyoyin sansanonin daga jirgin sama, da duwatsun da kurata suka jera, da wuraren ibadar Iron Mountain. Hukuma na gargaɗin masu yawo kada su taɓa ƙarfen da suka tsinta, domin akwai harsasan igwa da ba su fashe ba. A 1988 aka buɗe gidan tarihi da sunan Patton kusa da inda Sansanin Young yake, a wurin da yanzu ake kira Chiriaco Summit.

Dabarar kanta ma ba ta mutu ba. A 1964 an sake yin wata babbar rawar daji a yankin. A 1980 kuwa aka kafa cibiyar horo ta ƙasa a Fort Irwin, cikin hamadar Mohabi, inda aka ajiye wata runduna ta dindindin wadda aikinta shi ne ta zama abokiyar gaba ga duk mai zuwa horo. Da yawa daga hafsoshin da suka yi yaƙin Kuwaiti a 1991 sun bi ta nan.

Kammalawa

Mu koma ga tambayoyinmu. An gina cibiyar da sauri ne domin ruwa da dogo sun riga soja isa. An koya wa mayaƙa tafiya da tsari da juriya, amma an koya musu ƙarya game da ƙishirwa har sai da aka auna. Yaƙin da aka yi wa shiri bai jira su ba, sai dai abin da suka koya na sarrafa jama'a da kaya ya bi su inda suka tafi. A ƙarshe kuma rashin makaniki ne ya rufe wurin da abokan gaba ba su taɓa jefa wa ko dutse ba.

Da yawa daga cikinku za su zauna a kujerun da ake tsara manyan ayyuka, ko madatsar ruwa, ko sabon gari, ko makaranta, a ƙasar da ruwa ke da tsada kuma ciyawa ke da wuyar komawa. Idan takardar irin wannan aiki ta zo teburinku, ku tambayi daga ina ruwan zai fito, wa zai yi gyara bayan an yanke ƙyalle, wane zato ne a cikin shirin ba a gwada ba, su wane ne ke zaune a wurin da taswira ta nuna fari, kuma me za a yi da ginin in bukatar da ta sa aka yi shi ta gushe.